Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan majinyatan haƙori da ba sa iya faɗin inda ke musu ciwo

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato, da shugabannin asibitocin da ke da sashen haƙori a jihar nan, da reshen Sakkwato na Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina muku ban gajiya da ɗawainiyar jama'a. Allah ya dafa muku.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma kaka ce mai riƙon jika wanda bai taɓa furta kalma ba tun da ya zo duniya. Na rubuto ne da yawun waɗanda muke haɗuwa a bencin asibiti: iyayen yara masu galahanga, da kurame da bebaye da danginsu, da 'ya'yan da ke jinyar iyayen da gigin tsufa ya kama, da matan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa mazajensu magana. Ba mu da ƙungiya. Abin da ya haɗa mu shi ne kowannenmu ya taɓa kai mutuminsa wurin likitan haƙori, aka tambaye shi ina ke masa ciwo, bai iya amsawa ba, kuma daga nan komai ya tsaya. Ban zo da ƙarar wani asibiti ko wani likita ba. Na san ƙarancinku, na san yawan katin da ke gaban kowannenku kafin azahar. Kukanmu a kan tsarin aiki ne, wanda har yau bai yi tanadin irin waɗannan bayin Allah ba.

Duk wanda ya taɓa kishingiɗa a kujerar likitan haƙori ya san yadda ake gano haƙorin da ke ciwo. Za a tambaye ka tun yaushe ya fara, da ruwan sanyi yake tashi ko da shayi mai zafi, yana lafawa nan take ko yana daɗewa yana zugi, yana hana ka barci ko kuwa. Sai likita ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gindin madubinsa, ya ɗora auduga mai sanyi, ya jira ka ce nan ne. Amsarka ce ke raba haƙorin da ciko zai ishe shi da wanda jijiyarsa ta kumbura har sai an yi aikin jijiya ko an cire. Hoto yana taimakawa, yana nuna kogo da ƙurjin da ke gindin saiwa, amma zafi ba ya fita a hoto. Baki ɗaya kan iya ɗauke da ruɓaɓɓun haƙora huɗu alhali guda ne ke hana barci. Ga shi kuma ciwon matauni na ƙasa kan harba zuwa kunne, har mai magana ma ya rantse kunnensa ne ke ciwo. Wannan aiki gaba ɗayansa a kan harshen majinyaci aka gina shi, mutanenmu kuwa harshen ne babu.

Ranka ya daɗe, masana sun gama magana a kan wannan. A shekarar 2020 ƙungiyar duniya mai nazarin ciwo, IASP, ta sabunta ma'anar ciwo, ta bayyana cewa faɗa da baki hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin nuna shi, kuma kasa magana ba ya kore cewa mutum na jin zafi. Doka ma ta yi magana. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a sashe na 24 duk asibitin gwamnati da ake duba mai lalurar ji ko magana sai ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman domin sa. Abin da muke nema bai wuce wannan ba.

Kukanmu na farko shi ne yadda ake fassara halin wanda ba ya magana. In ya yi shiru a ce ba ya jin komai, in ya yi ihu a ce rigima ce irin tasu. Jikana ya fara dukan kuncinsa da tafin hannu, ya ƙaurace wa tuwo da nama sai kunu, kunun ma sai ya huce. Miyau ya ƙaru, tsakar dare ya tashi yana buga kai da bango. Na san haƙori ne. A wani asibiti da muka je, da ya ƙi buɗe baki, sai aka ce mini: "Hajiya, ai halinsu ne wanga, ki dawo da shi in ya natsu." Yaya zai natsu alhali abin da ya hana shi natsuwa ke cikin bakinsa? A unguwa kuwa kowa da tasa shawarar, mafi yawa suna cewa iska ce a kai shi ruƙiyya. Ban raina addu'a ba, ita ce makaminmu, amma sai da gefen fuskarsa ya kumbura ya yi zazzaɓi kafin aka yarda aka duba. Likitoci sun fi ni sanin abin da ƙurjin matauni na ƙasa ke yi in ya gangara ƙarƙashin haɓa: ya ɗaga harshe, ya toshe hanyar numfashi, a shiga batun rai da mutuwa a kan haƙori ɗaya. Mai magana yakan zo asibiti tun ciwon na kogo. Namu sai fuska ta kumbura ake gaskata su, shi ya sa kusan kullum cirewa ce makomarsu, ciko ya riga ya wuce su.

Na biyu, akwai ma'aunai da aka yi domin wannan matsala, kuma ba mu ganin ana aiki da su a ɗakunan haƙori. Ba na'urori ba ne da za a ce sai an jira kasafin kuɗi. Takarda ce da biro da ido. Akwai FLACC, da aka fitar a Amurka a 1997 domin ƙananan yara: a dubi fuska, da ƙafafu, da motsin jiki, da kuka, da ko yaron na rarrasuwa, kowanne a ba shi maki daga 0 zuwa 2, jimla ta tashi daga 0 zuwa 10. A 2006 aka yi masa gyara domin yara masu lalurar ƙwaƙwalwa, aka bar gurbi da iyaye za su ƙara alamar da ɗansu ya keɓanta da ita, domin wani yaron in zafi ya kai masa maƙura dariya yake yi, wani kuma ya sandare ya yi tsit. Ga tsofaffi masu gigin tsufa akwai PAINAD na 2003, wanda ke lura da numfashi, da nishi, da yanayin fuska, da yadda jiki ke ɗaurewa, da ko lallashi na tasiri. A ƙasar Holan ma an tsara wani musamman domin ciwon baki da fuska, OPS-NVI, inda ake kallon mutum yana zaune kawai, da lokacin da yake shan ruwa, da lokacin tauna, da lokacin da ake wanke masa baki. Wannan na ƙarshe ya fi kwanta mini a rai, domin ciwon haƙori kan ɓuya sa'ad da mutum ke zaune, sai abinci ya taɓa wurin ya fito fili. Ga wanda yake ganewa amma furuci ya gagare shi, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, akwai kati mai zanen fuskoki 6 da zai nuna da yatsa.

Ba na cewa waɗannan takardu ba sa kuskure. Tsoro da ciwo suna kama a fuskar yaro. Wanda ɓarin fuskarsa ya shanye ba zai yamutsa ta yadda takarda ke jira ba, kuma yaro kan zaɓi fuskar da ta yi kama da ɓacin ransa maimakon zafinsa. Saboda haka ne ake haɗa su da shaidar mai kula da majinyaci, kuma a nan ake yawan yi mana rashin adalci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ke ba yaro abinci sau uku a yini ita ta san ya koma tauna da ɓari ɗaya, ita ta san yana kauda kai in asuwaki ya iso wani wuri, ta san warin bakinsa ya sauya. Amma sau da yawa ana ce mata ta jira a waje, ko a saurare ta da rabin kunne don ba ta yi boko ba. Akwai kuma dabarar da muka sani tun muna bakin aiki: in ana kokwanto, a ba da maganin rage zafi daidai nauyin majinyaci a lura. In dukan kai ya tsaya, barci ya dawo, an samu amsa, sai a nemi haƙorin.

Na uku ya shafi kurame, kuma a ƙasar nan suna da yawa. Annobar sanƙarau ta 1996, da wadda ta sake afka wa Sakkwato da Zamfara a 2017, sun bar mutane da dama da rashin ji. Kurma na da hankalinsa cikakke, ya san haƙorin da ke damunsa, zai iya bayani tiryan-tiryan in an samu mai jin yarensa. Amma ku dubi yadda ɗakin yake. An kwantar da shi, fitila na haska masa ido, likita ya rufe bakinsa da takunkumi, ke nan ko leɓe ba zai karanta ba. Hannayen da yake magana da su kuwa an ce ya ajiye su kada ya motsa. Wani likitan da kyakkyawar niyya zai miƙa masa takarda da tambaya da Turanci, alhali bai taɓa shiga aji ba. Sannan a lura, maganar hannu ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake koyarwa a makaranta asalinta daga ta Amurka take, wadda kuma kurame suka gada a kasuwanni da ƙauyukan ƙasar Hausa dabam take. Tafintan da ya ƙware a ta makaranta kan iya kasa fahimtar dattijon da ya zo daga Goronyo ko Kebbe, sai an haɗa da wani kurman da ya iya duka biyun.

Wata maƙwabciyata kurma da ɗanta ƙarami take zuwa asibiti ya yi mata tafinta. Ta yaya yaro zai tambayi mahaifiyarsa ko tana da juna biyu kafin a yi mata hoto ko a rubuta mata magani? Ta yaya zai isar da cewa tana shan maganin hawan jini, ko wata allura ta taɓa tayar mata da borin jini? Ita ma tana da sirri kamar kowace mace.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai, wato abin da ke faruwa bayan an yi allurar kashe zafi. Allurar na buƙatar 'yan mintuna kafin ta kama. A muƙamuƙin ƙasa, alamar ta kama ita ce leɓe da gefen harshe su yi nauyi, kuma majinyaci ne ke faɗa. Kowane likita ya san haƙorin da jijiyarsa ke cikin tsananin kumburi kan ƙi jin allura sai an ƙara. Mai magana zai ce likita ina ji, a dakata a ƙara masa. Wanda ba ya magana fa? Shi jikinsa ne zai faɗa: ya zabura, ya damƙe hannun kujera, zufa ta keto, numfashi ya sauya. Amsar da aka saba bayarwa ita ce "ku riƙe shi". Mutum uku ko huɗu su danne yaro, wani ya riƙe kai, a cire haƙori yana kururuwa, a ce an gama lafiya. Na ga wannan da idona a kan ɗan wata baiwar Allah da muka zauna layi tare, ita kanta aka sa ta danne masa ƙafafu tana hawaye. Har yau in suka bi ta ƙofar kowane asibiti sai ya ƙanƙame ta yana makyarkyata, kuma akwai sauran ruɓaɓɓun haƙora a bakinsa da ba wanda zai iya kusanta. Babu wanda zai iya rantsewa cewa allurar ta kama shi a ranar. Na san akwai lokacin da riƙewa ta ɗan lokaci ke zama dole don kada majinyaci ya ji wa kansa rauni, amma hakan sai bayan an tabbatar wurin ya mutu, an yi wa iyaye bayani sun amince. In aikin ya fi ƙarfin haka, a yi shi a ɗakin tiyata da maganin barci, a gyara duk bakin a zama ɗaya. Bayan an gama ma da sauran aiki, domin yaron da bai fahimci me ya sa leɓensa ya yi nauyi ba kan tauna shi har ya yi gyambo, kuma ba kasafai ake gargaɗin iyaye su sa ido na 'yan sa'o'in nan ba.

Akwai kuma waɗanda bakinsu lafiya lau amma magana ba ta isa. Sakkwato na karɓar majinyata daga Kabi da Zamfara da Jamhuriyar Nijar ta Illela. Wani Fulatanci kawai yake ji, wani Zabarmanci, wani Buzanci. Ko yaren ya zo ɗaya, dattijon Bafulatani da aka rena a kan dauriya zai ce ba komai alhali bai runtsa ba, mace kuma kunya ta hana ta yi wa namiji bayani a gaban surukinta. Su ma idon da ya iya karanta jiki zai amfane su.

Kada a manta cewa mutanenmu sun fi kowa fuskantar ciwon baki. Maganin farfaɗiya irin su fenitoyin na sa dasashi ya kumbura ya hau kan haƙora. Magungunan ƙwaƙwalwa da dama na busar da miyau, bushewar baki kuma na gaggauta ruɓewa. Yaran da ba sa iya haɗiye ƙwaya sun shekara suna shan magani na ruwa mai zaƙi. Mai sikila kan yi ciwon muƙamuƙi ba tare da kogo ko ɗaya ba, in ba a yi hattara ba a cire masa lafiyayyen haƙori. In asibiti ya sallame mu ba biyan buƙata, kemis da wanzami ake komawa. Na ga dasashin da aka ƙona da asfirin da aka danna a kai, na ga wanda aka ɗiga wa fetur.

Ranka ya daɗe, a ganina Sakkwato ce ta fi cancantar ta shige gaba a wannan lamari. A garin nan Asibitin Yara na Noma yake tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki a cikinsa tun 2014. Ita wannan cuta ta Noma, wadda ke cin fuskar yara, daga ciwon dasashi take farawa, a bakin 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su iya bayanin abin da ke damunsu ba, kuma Najeriya ce ta jagoranci fafutukar da ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Ma'aikatan da suka shekara suna kula da yaran da muƙamuƙinsu ya kulle suna da ilimin karanta ciwo ba tare da magana ba. Ilimin na cikin gida, saura a raba shi.

Ga abin da muke roƙo. Daga Ma'aikatar Lafiya, muna so a fitar da umarni a rubuce cewa kowane sashen haƙori, daga Asibitin Ƙwararru har manyan asibitocin ƙananan hukumomi 23, ya riƙa amfani da ma'aunin lura ga duk majinyacin da ba ya iya bayani, a rubuta makin a cikin katinsa kafin aiki, da lokacin aiki, da bayansa. A fassara takardun zuwa Hausa, boko da ajami, har a ba iyaye kwafi su cike a gida kafin ranar ganin likita. A ɗauki tafintocin maganar hannu, mace da namiji, ko da na kira ne a waya su zo, kuma a nemi shawarar kuramen kansu wajen zaɓensu.

Daga shugabannin asibitoci, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo duk da na san na tarayya ne, muna roƙon a ware yini ɗaya a mako, ko da safiya ce kawai, domin waɗannan majinyata, a ba kowanne lokaci ninkin na sauran. Yaro mai galahanga da ya yi sa'o'i a layi cikin zafin Sakkwato da hayaniya ya riga ya birkice kafin a kira sunansa, kuma dokar 2019 ta ce a ba su fifiko a layi. A bar mai kula da majinyaci ya shiga ya tsaya inda zai gan shi. A ware musu gurbi a jerin masu shiga tiyata a kan kuɗin da talaka zai iya, domin a yanzu tsadar maganin barci ce ke sa iyaye su amince da danniya.

Ku kuma likitocinmu da masu taimaka muku, abin da ke hannunku ba ya jiran sa hannun kowa. Ku sauke takunkumi ku fuskanci kurma kafin ku kwantar da kujera. Ku yi yarjejeniya da shi cewa in ya ɗaga hannun hagu za ku tsaya, kuma in ya ɗaga ku tsaya ɗin. Ku nuna wa yaro madubi ya taɓa shi kafin ya shiga bakinsa, ko da zuwan farko zai ƙare ba a yi komai ba sai sabo. Ku gwada wurin a hankali kuna kallon idonsa da hannunsa kafin ku ɗauki abin cirewa. Muna roƙon ƙungiyarku ta saka wannan cikin horon da take shirya wa mambobinta, ta kuma riƙa kai ziyarar duba baki Makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman ko da sau ɗaya a zango, a gano kogo tun bai zama ƙurji ba.

Ranar 20 ga Maris ce ranar lafiyar baki ta duniya. Muna roƙon kafin ta zagayo Ma'aikatar ta kira zama da iyaye da kurame da likitoci, ta kuma sanar a rediyo wane asibiti da wace rana za mu riƙa kai mutanenmu. Mu a namu ɓangaren a shirye muke mu zo, mu zauna da ɗalibai da ma'aikata, mu nuna musu alamun da muka koya a kan 'ya'yanmu da iyayenmu.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Taku,
Wata kaka, tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
a madadin iyaye da masu jinya,
Sakkwato.